Giɓin da ke tsakanina da 'yar hayata

Ranar wata Asabar cikin watan Nuwamban 2023, na yi kusan minti ashirin zaune cikin mota a ƙofar gidana na Oldham, wani gari kusa da Manchester, na kasa fitowa. Ruwan nan na Ingila da ba ya tsayawa yana ta yayyafi a gilashi. A cinyata akwai takarda mai layi huɗu, wadda ni da baban yaranmu muka kwana uku muna ja-in-ja a kanta. Abin da ke ciki bai wuce cewa daga watan Janairu kuɗin haya zai ƙaru ba. Doka ta yarda in jefa ta a akwatin wasiƙa in yi tafiyata. Ban iya ba, domin matar da ke cikin gidan da Hausa muke gaisawa, kuma 'ya'yanta Inna suke ce mini.

Na daɗe ina son rubuta wannan, musamman saboda 'yan'uwa na gida da ke cewa a Turai gwamnati ce ke biya wa talaka haya, shi ke nan ya huta. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na zauna a ɗakunan biyu: na yi zaman haya da tallafin gwamnati, yanzu kuma ni ake biya haya da shi.

Daga Zariya na zo Manchester a 2003, na tarar da mijina. A 2010 kamfanin da yake wa aiki ya rufe, a lokacin ina tsakiyar karatun jinya, muna da yara biyu, muna zaune a wani gidan haya a unguwar Longsight ta Manchester. A nan na fara sanin tallafin haya. Tsarin da aka auna mu da shi ana kiransa LHA, wato tallafin haya da ake aunawa da yanki, gwamnatin Gordon Brown ce ta shimfiɗa shi a faɗin ƙasar a watan Afrilun 2008 domin masu haya a gidajen 'yan kasuwa, wato gidajen da ba na ƙaramar hukuma ba. Yadda yake aiki ba wuya. Ba a tambayar nawa mai gidan ya yanka maka. Ana duba yankin da kake, a duba ɗaki nawa iyalinka suka cancanta, sai a ce ga iyakar abin da za a taimaka maka da shi. In hayarka ta zarce haka, ragowar daga aljihunka.

Ita wannan iyaka ita ce gaba ɗayan labarin, saboda haka bari in tsaya a kanta. A ce an jera gidajen haya ɗari na wani yanki, daga mafi araha zuwa mafi tsada. Da farko kuɗin gida na hamsin ake ɗauka, wato rabin gidajen yankin suna cikin abin da mai tallafi zai iya kamawa. Da gwamnatin David Cameron ta hau a 2010, ministan kuɗi George Osborne ya sanar da cewa daga Afrilun 2011 za a sauko zuwa gida na talatin. Aka kuma sa rufi a sama: ko a ina kake, ba za a wuce fam 400 a mako ba, kuma an daina lissafa abin da ya haura ɗaki huɗu. Mu da muke karɓa tun da, an ɗaga mana ƙafa na wasu watanni, namu ya iso mu a 2012. Ina tuna wasiƙar, ina tuna yadda na zauna da biro ina rage nama daga cefanen mako. Mai gidanmu na lokacin, wani dattijo ɗan asalin Pakistan, bai rage mana ko sisi ba, bai kuma kore mu ba. A lokacin na ji haushinsa. Yau na san shi ma akwai lissafin da yake yi a nasa teburin.

Allah ya taimake mu, na gama karatu na samu aiki a asibiti, mijina ya kama tuƙin tasi. A 2014 muka sayi wannan ƙaramin gida na Oldham, irin na jan bulo da ke manne da juna a layi, ɗakin kwana biyu da wani ɗan ƙarami na uku wanda gado ɗaya kawai yake ɗauka. Ta tsarin kuɗi na Musulunci muka saya: banki na da kasonsa a gidan, mu muna da namu, muna biyansa haya a kan kasonsa muna kuma saye a hankali. Mun guje wa kuɗin ruwa, amma ba mu guje wa kasuwa ba, domin abin da suke yanka mana yana hawa da sauka ne tare da ƙimar kuɗin ruwa da Babban Bankin Ingila ya tsayar. Wannan zai dawo a gaba. A 2018 yara suka ƙaru suka girma, muka koma wani gida, muka sauya yarjejeniyar wannan domin mu ba da shi haya. Gida ɗaya ke nan, ba mu da na biyu. Masu gidajen haya da yawa a ƙasar nan irinmu ne, masu gida ɗaya ko biyu da suke kallo a matsayin guzurin tsufa.

A masallaci aka haɗa ni da 'yar hayar tawa. 'Yar Nima ce ta birnin Accra, Hausarta irin ta Zango, ta yi shekaru a Italiya kafin ta zo nan. Mijinta ya rasu ya bar ta da mace 'yar shekara takwas da namiji ɗan biyar. Tana aikin shara da goge-goge a wata makaranta, da asuba da kuma bayan an tashi. Ta gaya mini ta buga wa dillalan gidaje waya fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, da zarar ta ambaci tallafi sai murya ta canza. A lokacin ba a ma ɓoyewa, a jikin tallan gida ake rubuta "No DSS". DSS tsohon sunan ma'aikatar walwala ne wanda aka daina amfani da shi tun 2001, amma kalmar ta zauna ta zama tambarin da ake buga wa duk mai karɓar tallafi. Sai a watan Yulin 2020 wata kotu a York ta yanke cewa ƙin ba mutum haya kawai don yana karɓar tallafi wariya ce da ta saɓa wa dokar daidaito ta 2010, domin mata da naƙasassu abin ya fi shafa. An cire rubutun daga talla. Sai aka koma cewa sai ka kawo mai tsaya maka wanda ya mallaki gida, ko ka biya wata shida a dunƙule, ko albashinka ya ninka hayar sau kaza. Ga gwauruwa mai shara a makaranta, duk ƙofa ɗaya ce aka rufe da kwaɗo daban-daban.

Ba zan ce masu gidaje ba su da dalili ko kaɗan ba. Ni kaina da na gaya wa kamfanin inshorar gidan cewa mai shiga tana karɓar tallafi, sai da suka ƙara mini kuɗi. Wasu bankunan a wancan lokaci a cikin yarjejeniyar bashi suke rubuta cewa kada a ba mai tallafi haya. Amma har yau ina ganin kuskure ne babba a yanke wa mutum hukunci da hanyar da kuɗinsa ke shigowa. Shekara bakwai ke nan, matar nan ba ta taɓa cin mini ko fam ɗaya ba. Jinkiri ta sha yi, kuma kusan kowane jinkiri in na bi sawunsa sai in tarar daga tsarin ya fito.

Na farko tun ranar da ta tare. Da yake ta bar ƙaramar hukumar Manchester ta shigo ta Oldham, tsohon tallafinta ya yanke, dole ta shiga sabon tsari, Universal Credit. Wannan shi ne tsarin da ministan walwala na lokacin, Iain Duncan Smith, ya kawo, wanda ya haɗe tallafi shida ya mayar da su ɗaya, kuma a nan kusa da mu, a Ashton-under-Lyne, aka fara gwada shi a Afrilun 2013. Ana biya sau ɗaya a wata, bayan watan ya wuce, kamar albashi. Ma'anar haka, daga ranar da ka nema zuwa ranar da kuɗin farko zai shigo, mako biyar ne. A da ma shida ne, sai a 2018 aka cire mako ɗaya. Wanda ya tsara haka yana tunanin mutum mai albashin wata da ya rage a asusu. Ita ba ta da shi, abin da ta tara ya tafi a kuɗin ajiya da motar kwasar kaya. An ba ta wani abu a gaba, amma bashi ne, ana zare shi daga kuɗin watannin da ke tafe. Wato ta shiga gidana da bashi a wuya tun kafin ta kwana wata guda, kuma kusan shekara ta yi tana karɓar ƙasa da abin da gwamnati da kanta ta ce shi ne mafi ƙarancin da za ta rayu da shi.

Na biyu ya fi ɗaure mini kai. Wani wata ta kira ni murya na rawa, ta ce, "Hajiya, wallahi ban san abin da ya faru ba, kuɗin wannan watan ko rabi bai kai ba." Na je muka buɗe shafinta a waya muka duba. Wurin aikinta duk bayan mako huɗu suke biya, ba wata-wata ba, saboda haka sau goma sha uku take ɗaukar albashi a shekara. Sau ɗaya a shekara albashi biyu sukan faɗo cikin wata ɗaya na lissafin tallafi, sai kwamfuta ta ɗauka samunta ya ninka, ta zaftare. Ba ta ƙaru da ko kwabo ba, kalanda ce kawai ta zo a haka. Tun daga nan muka sa wa watan alama, na san hayar za ta zo kashi biyu. Ni na iya jira saboda na zauna na gani da idona. Mai gidan da dillali ke tsakaninsa da ɗan haya, abin da zai gani kawai shi ne ba a biya ba.

Akwai wani abu kuma game da ɗakuna. A ƙa'idarsu, yara biyu da ba su kai shekara goma ba ɗaki ɗaya ake lissafa musu ko da mace ce da namiji. In jinsinsu ɗaya ne, har sai ɗaya ya kai sha shida. Don haka da ta shigo, kuɗin gida mai ɗaki biyu ake ba ta, alhali gidan uku ne, tana ciko. Ranar da yarinyar ta cika shekara goma a 2020, uwar ta dafa wake da shinkafa irin nasu na Ghana, da yajin nan baƙi, ta aiko mana. Murnar ranar haihuwa ce, amma mu biyu mun san akwai wata murnar a ƙarƙashi: daga ranar ta cancanci kuɗin ɗaki uku.

Shekarar 2020 ita ce kaɗai na ga ta yi numfashi. Kafin nan an daɗe da raba tallafin da ainihin kuɗin haya. A 2013 aka ɗaure shi da hauhawar farashi, a 2014 da 2015 aka ƙara kashi ɗaya cikin ɗari kawai, daga 2016 kuma aka daskarar da shi shekara huɗu cur. Haya tana tafiya, tallafi yana tsaye. Sunan yana nan cewa gida na talatin, amma a zahiri gidajen da kuɗin zai iya kamawa suna ta raguwa. Da annobar korona ta zo, Rishi Sunak yana ministan kuɗi, ya mayar da shi daidai gida na talatin, ya kuma ƙara fam 20 a mako a kan Universal Credit. A wannan shekarar ta saya wa yaran sababbin katifu, ta biya ni wani ɗan saura da ya daɗe. Ƙarin fam 20 ya ƙare a Oktoban 2021. Tallafin haya kuma aka sake daskarar da shi a inda yake, har 2024.

A daidai waɗannan shekaru ne komai ya tashi. Babban Bankin Ingila ya ɗaga ƙimarsa daga kashi 0.1 a Disambar 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023, sau goma sha huɗu a jere. Mu yarjejeniyarmu a tsaye take har kaka ta 2023. Da wa'adin ya cika aka aiko sabon lissafi, abin da muke biya a kan gidan ya ƙaru da fam 210 a wata. Hayar da nake karɓa fam 650 ce tun 2018, ban taɓa taɓa ta ba. Gidajen layin irin nawa a lokacin ana tallansu kusan fam 900. Ga inshora, ga binciken gas na shekara-shekara da doka ta wajabta, ga haraji, ga injin ɗumama gida da ya tsufa. Muka buga lissafi muka ga daga albashina zan riƙa cika wa gidan.

Baban yaranmu ya ce ko dai mu kai hayar inda kasuwa take, ko mu sayar. Ba mugu ba ne, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Abokan aikinsa da dama sun sayar da nasu. Wasu harajin ne ya kore su, domin tun daga 2017 aka fara janye damar cire kuɗin ruwan bashi daga ribar da ake yanka wa haraji, aka gama a 2020. Mu wannan bai taɓa mu sosai ba saboda samunmu bai kai babban matakin haraji ba, amma na san waɗanda ya taɓa. In kuwa aka sayar da irin wannan gida, yawanci sai an fitar da ɗan haya tukuna, da takardar nan ta sashe na 21 ta dokar gidaje ta 1988, wadda a lokacin take ba mai gida damar ba da notis na wata biyu ba tare da ya faɗi dalili ba.

Wannan takardar take tsoro ranar da na shiga. Tana ganin fuskata ta ce, "Hajiya, ki gaya mini gaskiya, tashi za mu yi?" Na ce a'a, Maman yara, zauna mu yi magana. Na lura ba ta cire rigar sanyinta ba a cikin falo, yaron ma da hula yake kallon talabijin. Gidan ya yi sanyi ƙalau. Na tambaye ta ko injin ya lalace ne, ta sunkuyar da kai ta ce lafiyarsa lau, awa ɗaya take kunnawa da safe, awa ɗaya da dare. Na hau sama na duba ɗan ƙaramin ɗakin, sai ga baƙar fumfuna ta fara cin kusurwar bango a bayan gado. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da wannan ke yi wa ƙirjin yaro. Ta ɓoye mini ne don kada in ga kamar tana da ƙorafi in fara tunanin wani ɗan hayar.

Wannan shi ne abin da ba ya fitowa a jawabin kasafin kuɗi. In minista ya tsaya a majalisa ya bar tallafin haya a daskare, ba wanda zai ce an yanke wani abu, domin adadin bai sauka ba. Amma giɓin yana nan, kuma sai wani ya cike shi. Ɗan haya ba zai ƙi biyan haya ba don yana tsoron titi, sai ya cira daga abinci da wuta. Ya kashe wuta, gida ya yi laima. Laima ta ci bango, mai gida ya biya gyara, yaro ya je asibiti. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shawarar a Landan aka yanke ta, amma ni aka bar wa isar da ita, a falon wata gwauruwa, da bakina.

Sai dai ba zan daidaita wahalata da tata ba, kuma ina jin haushin masu gidajen da ke yin haka. Ni in abin ya ƙi, in sayar, in kwashi abin da gidan ya ƙaru da shi cikin shekara goma, in koma gidana mai ɗumi. Ita in abin ya ƙi, sai ofishin marasa matsuguni na ƙaramar hukuma, daga nan a kai ta masaukin wucin gadi, wataƙila ɗaki ɗaya a wani otal mai nisa da makarantar yara da wurin aikinta. Iyalai fiye da dubu ɗari ne ke irin wannan zama a Ingila. Kuma kuɗin da ake kashewa a kansu ya fi abin da za a kashe da an cike giɓin tun farko. Ƙananan hukumomi ne ke ɗauka, domin abin da gwamnatin tsakiya ke mayar musu a kan irin waɗannan masaukai har yanzu da ma'aunin Janairun 2011 ake lissafa shi. Ban ga tanadin da aka yi ba. An ɗauke nauyi ne daga wannan aljihu aka mayar wancan, aka bi ta kan yara a hanya.

Muka tsaya a ƙarin fam 75, ba 250 da kasuwa ta ce ba, ragowar muka raba ni da mijina muka haɗiye. Na zauna da ita muka cike takardar neman wani taimako na musamman da ƙaramar hukuma ke bayarwa ga wanda tallafinsa bai kai hayarsa ba. Wannan ba haƙƙi ba ne, ganin dama ne, kuma asusun yana da iyaka. Aka ba ta na wata shida. Na kawo mai gyara ya wanke bangon ya sa fanka mai zuƙe laima a banɗaki. Na kuma ce mata ta riƙa kunna wuta, in kuɗin gas ya fi ƙarfinta ta faɗa mini kafin ta kashe. A cikin watan nan ne ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya sanar da cewa daga Afrilun 2024 za a sake mayar da tallafin gida na talatin. Da ya shigo ya rufe mata kusan duk giɓin. Ta kira ni ranar, ba ta ce komai a kan kuɗi ba, addu'a kawai ta yi ta yi mini, ni da ban yi komai a ciki ba.

Na sha jin ana cewa in an ƙara tallafi masu gidaje ne ke cinyewa, su ƙara haya. Akwai masu yin haka, ba na musu. Amma daga 2020 zuwa 2024 tallafin bai motsa ba, haya kuwa ta yi tashin da ban taɓa gani ba tun zuwana ƙasar nan. Abin da ke tura haya sama ƙarancin gidaje ne. Tun dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher aka ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar saye da rahusa, aka sayar da gidaje masu ɗimbin yawa, ba a gina madadinsu yadda ya kamata ba. Matar da a da za a ba gidan hukuma mai araha, yanzu ita ce ke ƙofata, gwamnati na biyana da hannu ɗaya tana ƙorafin tsada da ɗayan. Ni a ganina abu biyu ne ba sa buƙatar dogon nazari: a riƙa daidaita tallafin da ainihin haya kowace shekara ba sai an jira annoba ko zaɓe ba, kuma a daina sa mutum jiran mako biyar da bashi.

Akwai waɗanda nasu ya fi nata muni, zan ambace su a gurguje. Matashin da bai kai shekara 35 ba kuma ba shi da iyali, tun Janairun 2012 kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai ake ba shi. A da iyakar shekara 25 ce. Mai yara da yawa da ba ya aiki yana karo da wani rufin na jimillar tallafi, wanda aka fara da fam 26,000 a shekara a 2013, aka sauke shi a 2016 zuwa fam 20,000 a wajen Landan, kuma abin da ya haura yanke shi ake yi daga tallafin. Sannan ga 'yan'uwanmu da suka shigo kwanan nan da bizar aikin kula da tsofaffi ko ta karatu. Su a jikin takardarsu an rubuta ba su da haƙƙin taɓa kuɗin gwamnati, ko kwabo ba a ba su, kuma gidajen nan masu araha su ma su suke nema. Wanda ke Kano ko Kaduna yana haɗa kuɗin hayar shekara a dunƙule zai ga biyan wata-wata sauƙi ne. Ina roƙon duk mai shirin tahowa ya tambayi kuɗin ɗaki a garin da za shi kafin ya sayi tikiti.

A Afrilun 2025 aka sake barin tallafin a inda yake. Haya a layinmu ba ta tsaya ba, kayan gyara ba su tsaya ba. A shekarar kuma majalisa ta zartar da sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, wadda ta soke sashe na 21, ta kuma haramta ƙin mutum saboda tallafi ko saboda yana da yara. Na yi murna da ita har zuciyata, duk da cewa ni ma ta ɗaure ni, domin na ga abin da tsoron takardar nan ya sa mace ta ɓoye. Amma dokar ba ta taɓa giɓin ba. Mai gida ba zai ce na ƙi ki don tallafi ba, zai ce kuɗinki bai kai ba, kuma in an duba lissafi gaskiya ya faɗa.

Injin ɗumama gidan ya mutu gaba ɗaya a farkon sanyin nan, muka sa sabo da kuɗin da muka ware na zuwa gida ganin mahaifiyata. Baban yaranmu ya kira wani dillali ya zo ya kimanta gidan, takardar tana cikin durowar gefen gadonmu, ban hana shi ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Yarinyar yanzu shekararta goma sha biyar, za ta zana jarrabawar gama sakandare a bazarar 2026, kuma cewa take aikin jinya take so. Ranar Lahadin da ta wuce ta zo gidanmu da littafin ilimin halittu, muka zauna a kicin ina yi mata bayanin yadda jini ke zagaya zuciya. Da uwar ta zo ɗaukarta, na raka su bakin ƙofa, na ce mata ni da Alhaji mun yi magana, ba ƙari ba sayarwa har sai yarinya ta ajiye biro. Ta ce, "Bayan nan fa, Hajiya?" Na ce bayan nan sai mu sake zama, ni da ita da takarda, kamar wancan karon.